Neman Tsohon Keken Ɗinki A Gwanjon Kumasi

Abin da ya fitar da mu daga gida a wannan karo ba wani babban al'amari ba ne in an dube shi a ido. 'Yar ƙanwarmu ce ta gama makaranta ta ce ita ɗinki za ta koya, Madam ɗin da za ta karɓe ta a Aboabo kuwa ta aiko da takardar kayan shiga kamar yadda aka saba a ƙasar nan: kuɗin koyo, da kujerar zama, da almakashi, da tef na awo, sa'an nan a can saman takardar an rubuta keken ɗinki na hannu guda ɗaya. Mu dai niyyarmu mu gangara Adum mu ɗauko sabo a kwali mu huta. Sai tsohuwarmu ta ce faufau. Ta ce in dai da ranta, jikarta ba za ta fara koyo a kan keken da iska za ta iya turewa ba, a nemo mata baƙin nan na da, mai zanen ruwan zinariya, irin na Gwaggo.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san labarin keken Gwaggo, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Ran 18 ga watan Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mijin Gwaggo asalinsa Bakatsine ne, fataucin goro ya kawo ubansa Kumasi, shi kuwa a nan ya girma, ba wata takarda da ya taɓa riƙewa in ban da ta haraji. Cikin 'yan kwanaki suka kwashe ɗaki suka zube a ƙofar gida, gado da kabad da kwanoni, wanda ya taya a sallama masa. Keken Singer ɗin da aka sa mata a lefe, wanda da shi ta ɗinka wa yaran layinmu kayan salla shekara da shekaru, shi ne na ƙarshe da ya fita, a kan kuɗin da bai isa na mota zuwa bakin iyaka ba. Mutum fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar nan a lokacin. Gwaggo ba ta dawo ba, a Katsina aka yi mata sutura. Tsohuwarmu kuwa, ƙanwarta, har yau in ta ji ƙarar keke a maƙwabta sai ta yi shiru.

To, da wannan aike muka fita ranar wata Asabar, bayan mun karya da koko da ƙosai a Alabar. Ga waɗanda ke karanta mu daga Ankara ko Tamale ko Takoradi ba su san garin sosai ba, tsohon Zongo yana kan tudu ne a gefen babbar kasuwa, daga nan unguwanninmu suka yi ta miƙewa gabas, Akwatia Line da Sabon Zongo da Aboabo da Asawase har Sawaba. Musulmi ba baƙi ba ne a Kumasi, don Turawan da suka zo fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da malamai da fatake a gefen sarki. Amma Zongon da muka sani ya kafu ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar goro ta Gwanja, Ingilishi kuma suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Fatake suka biyo goro har gindinsa, tare da su kuwa aka zo da mahauta da wanzamai da dukawa da maɗinka. Ɗinki yana cikin sana'o'in farko da aka san mu da su a garin nan, tun ana yinsa da allura tsiraru.

Mun fara da bakin layin dogo, ƙasa da Kejetia, inda ake baza kayan gwanjo. Tonawa suna kiransu obroni wawu, watau Bature ya mutu, don da farko ba wanda ya yarda mai rai zai rabu da tufafi masu kyau haka. Mu kuwa a bakin titi fos muke cewa. Dila-dila ake kawo su daga Ingila da Amurka da Kanada da Sin, a sauke a Tema, a fasa a Kantamanto ta Ankara, inda masu bincike suka ƙiyasta tufafi kamar miliyan 15 ke shigowa kowane mako, wani kaso kuma ya hawo mota ya zo mana nan. Wanda ya daɗe bai zo ba zai ɓata. An buɗe sabon ginin Kejetia a 2019, a 2021 kuma aka rushe wani babban sashe na tsohuwar kasuwa aka watsa 'yan kasuwa, wasu Racecourse, wasu Abinkyi, wasu suka koma gefen titi. Ga gobara kuma, wadda ta ci wani ɓangaren sabon ginin a Maris 2023, ta sake cin shagunan Adum a Maris 2025. Tsofaffin layukan da iyayenmu ke kwatance da su, inda za a ce ka bi layin maɗinka ka karya dama, yawancinsu sai a baki. Mun tambayi mutum huɗu inda masu tsofaffin kekuna suka koma, muka sami amsa huɗu.

Ba mu sami keke a nan ba, amma ba mu yi asarar sawu ba. Can bayan masu takalma akwai 'yan tebura na masu tarkace, waɗanda ke sayen ragowar kwantena: cokula, firam ɗin hoto, agogon da ya tsaya, kofunan da aka rubuta sunan garuruwan da ba mu taɓa ji ba. A teburin wani yaro Bazabarme muka ga gwangwanin biskit mai hoton wata fada, muka ɗaga muka ji nauyi. Da aka buɗe, ashe kayan ɗinkin wata tsohuwa ne ta can ƙasar Turawa, yadda ta bar su. Maɓallai sun fi ɗari, an jera wasu a zare iri-iri. Zare a kan kwarkwaron katako mai tambarin Coats, kamfanin garin Paisley na Sikotilan wanda zarensa ya zaga duniya. Allurai a cikin 'yar takarda baƙa da aka buga Redditch a jiki, garin da ya yi suna da ƙera allura a Ingila. Da ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ake sa wa yatsa don kada allura ta soke shi, har ya lotsa ta gefe ɗaya saboda aiki. Akwai kuma wani ƙyalle da aka fara yi wa fure da zare ja aka kai rabi, allurar tana soke a inda hannu ya tsaya. Allah Sarki. Ba mu san ta ba, ba mu san addininta ba, amma mun san 'ya'yanta ba su buɗe gwangwanin nan ba kafin su ba da shi.

Yaron ya ce, “Alhaji, kawo abin da ka ga dama, tun watan jiya yake nan.” Ba mu yi ciniki ba, abin da ba halinmu ba ne.

A nan ne tunani ya fara zo mana cewa gwanjo iri biyu ne a garin nan. Akwai wanda ya ƙetaro teku, shi ne mai yawa, shi ne kuma ya karya maɗinkanmu, don rigar da tela zai kwana biyu a kanta ga irinta a ƙasa a kan kuɗin da bai kai na yadi ba. Masaƙun Akosombo da Tema da suka ɗauki dubban ma'aikata a da sun sha wuya tsakanin fos da atamfar Sin, har gwamnatin Kufuor ta fito da shirin sa kayan gida ranar Juma'a a 2004 don a ɗan farfaɗo da su. Sai gwanjo na biyu, wanda ba ya zuwa cikin dila. Shi daga ɗakunanmu yake fita, in an yi rasuwa, ko an rushe tsohon gida za a ɗora bene, ko bashi ya taso. Wannan ba shi da rumfa guda. Sai ka bi shi lungu-lungu.

Wani abokinmu mai sayar da tsakiya da duwatsun wuya ya raka mu wurin wani dattijo a Sabon Zongo, daga cikin Hausawan nan da suka daɗe suna yawon sayen kayan da, daga nan har Lome da Abijan. Ɗakinsa ba taga, warin tsohuwar fata da shuni ya cika shi. Ya ciro mana tandun kwalli na fata, da gafaka wadda ɗinkin bakinta ya fi na inji daidaito, da zabira, da mazari guda uku da aka zana wa ado a jikin dunƙulen yumɓunsu, da dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a kan murfi. Amma abin da ya tsayar da mu shi ne wata riga saƙi da ya warware a kan tabarma.

Masu karatu, wanda bai taɓa riƙe irin wannan riga a hannu ba, kwatance ba zai wadatar da shi ba. Ƙyallen kansa ba falle ɗaya ba ne, sawaye ne sirara da aka saƙa a masaƙar hannu, kowanne bai fi faɗin yatsu biyu ko uku ba, aka harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya har suka zama riga mai faɗin da za ta rufe mutum biyu. Launinta shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari kamar gashin zabo. A ƙirji, gefen hagu inda babban aljihu yake, an yi mata aska takwas da zaren tsamiya, ga tambari a dama ya zagaye kamar dodon koɗi, ya haura kafaɗa ya sake fitowa a baya. Dattijon ya nuna mana inda tawadar mai zane ta ɗan leƙo ta ƙarƙashin zaren, don a al'ada wani ne ke zana, galibi malami mai hannun rubutu, wani ya yi surfani, wani ya haɗa, sa'an nan a kai wa masu bugu. Irin wannan aiki wata da watanni yake ci. Daga Kano ko Zariya ko Bida ake kawo su, fatake su zo da su su koma da goro, mutum kuwa ya yi aure da ita, ya je idi da ita shekara talatin, ya bar wa ɗansa. Wuyan wannan ya sha gumi har ya yi ƙyalli, an kuma yi mata faci biyu ta ciki da hannun da ya san abin da yake yi.

Muka ce, “Baba, daga wane gida ta fito?” Ya yi murmushi ya ce wannan kam ba a faɗa a sana'arsu. Abin da ya yarda ya gaya mana shi ne jikokin mai ita ne suka kawo ta cikin buhu tare da tsummoki, kuma tuni wani dillali ya aika hotonta ta waya zuwa ƙasashen waje, ana jiran amsa. Kuɗin da ya ambata ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Muka taya shi naɗe ta.

Ba mu ga laifinsa ba, sana'a ce, kuma ba don shi ba da rigar ta ƙare a goge-gogen mota. Amma abin ya tsaya mana a rai. A 2024 garin nan ya yi biki saboda kayan zinariyar fadar Asante da sojojin Ingila suka kwashe, yawanci a yaƙin 1874, sun dawo gidan tarihi na Manhyia, wasu daga Amurka, guda 32 kuma daga gidajen tarihi biyu na Landan, su ma aro aka ba da su. Tonawa sun yi shekaru suna bin abinsu don sun san abin da aka ɗauka da ranar da aka ɗauka. Babbar rigar yaƙin Asantehene ma, batakari mai ɗauke da layu, aikin malamai da dukawa Musulmi ne ke jikinta, ana kuwa adana ta kamar ƙwai. Namu kayan ba wanda ya zo da bindiga. Mu muke kaiwa da hannunmu cikin buhu.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ya yi tsatsa tsoho ne. A kan hanyarmu ta fita wani ya tare mu da 'yan gumakan tagulla irin waɗanda Tonawa ke auna garin zinariya da su a da, ya rantse daga ƙasa aka tono su. Muka saya guda biyu muna murna. Abokinmu ya karɓa ya shinshina, ya kankara da farce, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce bana aka zuba su, a ƙauyukan maƙeran tagulla irin su Krofofrom ana yin sabbi kullum, masu kyau kuwa, maƙeran ba sa ɓoye cewa sabbi ne, sai wani ya saya ya binne a taɓo mako biyu ya fito da su da tarihi. To, mun biya kuɗin makaranta.

Azahar ta same mu a babban masallaci. Bayan salla wani tela da muka yi sahu ɗaya da shi ya ce muna ɓata ƙafa ne a kasuwa, in keke muke nema mu je inda kekuna ke mutuwa. Ya nufi wajen 'yan kondem na Akwatia Line da Dagomba Line, masu tura baro suna zaga unguwanni suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli.

Wurin ba shi da daɗin tsayawa, ga hayaƙi ga ƙarar guduma. A cikin tarin injin mota da firji da fanka muka ƙirga kan keke bakwai, wasu an riga an fasa. Yaran da ke aikin, yawancinsu 'yan arewa ne, ba ruwansu da Singer ko wanin Singer. Kan keke baƙin ƙarfe ne mai nauyi, nauyi kuwa shi ne kuɗi, a loda a mota a kai masana'antun Tema a narke a yi rodi. Ƙafafun keken taka-taka su sukan tsira, don masu abinci na saye su ɗora katako su yi tebur. In kun lura za ku ga mai waakye tana zuba shinkafa da wake a kan ƙarfen da aka rubuta SINGER da manyan baƙaƙe. Wani yaro ya ce mana akwai tsoho guda da ke zuwa duk mako ya zaɓi na zaɓa kafin guduma ta hau, ya kwatanta mana shagonsa a Aboabo, kusa da gada.

Shagon bai fi taku huɗu ba, amma kekunan da ke ciki sun kai arba'in, jere a kan katakai har rufi. Mai shi dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare, kowa Masta yake ce masa. Da muka faɗi abin da ya kawo mu bai tashi ba, sai ya sa muka zauna, ya ce wanda zai sayi tsohon keke sai ya fara sanin abin da yake saye.

Ga abin da muka koya a zaman nan, muka kuma ƙara bincikawa daga baya. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, amma yawancin waɗanda suka zo ƙasashen da Ingila ta mallaka ba daga Amurka suke ba. A Clydebank ta Sikotilan aka ƙera su, a wata ƙatuwar masana'anta da ta fara aiki wajen 1884 aka rufe ta a 1980. Shi ya sa za ka ji ana cewa 15K ko 99K ko 201K, wannan K ɗin Kilbowie take nufi, unguwar da masana'antar take. Kowane keke yana da lamba da aka buga a gindinsa ta hannun dama, da ita ake gane shekarar da aka yi shi. Kamfanin ne kuma ya yi fice da sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, abin da ya sa talaka ya iya mallaka. A zamanin kuɗin koko, lokacin da manyan kantuna irin su Kingsway da UTC ke tashe a Adum, keke ya shiga kayan aure a ƙasar nan, ga Tonawa da mu baki ɗaya, har ya zama amaryar da aka kai ba shi sai an yi magana.

Masta ya sauko da biyu ya ajiye gefe da gefe, ɗaya Singer samfurin 15, ɗaya Butterfly na Shanghai. Ya ce mu nuna bambanci. In ban da zane, ba mu gani ba. Ya ce ai ɗaya ɗan ɗaya ne, samfurin 15 ɗin nan shi Japan da Sin da Indiya suka kwaikwaya, shi ya sa ƙoshiya da kwarkwaro da allurar wannan ke shiga wancan, shi ya sa kuma keken da ya girme mu bai rasa kayan gyara a Kumasi. Sa'an nan ya sa muka juya hannun kowanne ido rufe. Nan kam mun ji. Na farkon yana tafiya kamar ana zuba mai, in ka saki hannu sai ya ƙara zagaye da kansa. Bai kushe Butterfly ba, ya ce tsofaffinsa sun ci da gidaje da yawa, su ne ma masu yawon faci ke ɗorawa a ka suna kaɗa almakashi, waɗanda Tonawa ke kira oyeadieyie. Abin da ya ƙi jini shi ne sabon da aka liƙa wa tsohon suna, ga fenti na walƙiya, ciki kuwa ƙarfen gwangwani.

Muka ba shi labarin Gwaggo. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce yana yaron shago a lokacin, maigidansa ya sayi kekuna a makonni biyun nan har ya rasa wurin ajiya, wasu ma ba saye ba ne, ajiya aka ba shi da sunan za a dawo. Kaɗan suka dawo. Ya nuna wani jeri a sama ya ce waɗancan kuma 'yan 1983 ne, shekarar da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida cikin fari da yunwa, da yawa da keke a ka daga Agege, suka sayar don su ci abinci. Watau kekunan da suka fita daga hannun masu tafiya a 1969 da waɗanda suka shigo a kan masu dawowa bayan shekara 14 suna zaune a kan katako ɗaya. Mun karanta littafin da Baturiyar nan Enid Schildkrout ta rubuta a kan mutanen Zongon Kumasi a 1978, mun kuma ji labarin yadda aka kori Alhaji Amadu Baba daga ƙasar a 1957, amma manya ake rubutawa. Matan da suka riƙe gidaje da ɗinkin ɗankwali da kayan suna, ba mu san inda aka ajiye sunansu ba in ba a jikin waɗannan ƙarafa ba. Wasu kuwa da gaske akwai suna, an karce da ƙusa a ƙarƙashin katako, wani da boko wani da ajami.

Mun tambaye shi ko zai yiwu a gane na Gwaggo. Tambayar wauta ce, mun sani. Ya ce, “Ɗana, kun riƙe lambar?” Muka ce a'a. Ya ce to sai dai a nemo ɗan'uwansa.

Abin da tsohuwarmu ta iya tunawa shi ne an yi auren Gwaggo kafin a sami mulkin kai da 'yan shekaru, kuma tambarin da ke jikin keken yana da shuɗin baki, ba kamar na sauran mata ba. Da muka faɗi haka Masta ya miƙe, karo na farko tun zuwanmu. Ya sa yaronsa ya hau kujera ya sauko da wani daga can ƙurya, ƙura ta rufe shi. Ya shafa da tsumma mai kananzir, sai ga tambarin tagulla da shuɗin zobe kewaye, an rubuta 1851 da 1951. Kamfanin ya sa wa kekunan da ya fitar a wajen shekarar cikarsa ɗari wannan tambari, daga nan bai ƙara ba. Zanen zinariyar ya goge a daidai inda hannun hagu ke tura ƙyalle, har baƙin fentin ya suɗe ƙarfe ya fito fari. Ba ƙaramin ɗinki ne ke yin wannan ba.

An yi ciniki irin na mutunci, wanda ake farawa da addu'a a ƙare da addu'a. Kuɗinsa ya ɗan haura na sabo a kwali. Ya ce mu ba shi kwana uku ya wanke shi, ya canja robar naɗin zare, ya daidaita ƙoshiya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa yarinyar ta zo da kanta ya nuna mata wuraren ɗiga mai, kuma kada a kuskura a sa masa man gyaɗa ko man ja, don su ne suka kashe rabin kekunan da ke shagon.

Ranar Talata muka ɗauko shi a keke mai ƙafa uku, 'yar ƙanwarmu ta rungume shi a cinya har gida. Tsohuwarmu tana kan tabarma a tsakar gida. Ba ta ce komai ba, ta jawo shi gabanta, ta shafa tambarin da babban yatsa, ta juya hannun sau biyu tana saurare. Sa'an nan ta zame murfin ɗan aljihun katakon da ke ƙarƙashin hannun, wanda mu ba mu ma san yana buɗewa ba. Masta ya bar abin da ya tarar a ciki: kwarkwaro biyu da sauran zare kore a jiki, guntun alli, da kwabo ɗaya mai huji na zamanin Ingilishi, irin wanda aka daina karɓa bayan Gana ta yi kuɗinta a 1958.

Yarinyar ta ce, “Kaka, shi ne?”

Ta ce ba shi ba ne, na Yaya yana da tabo a nan gefen, inda fitila ta taɓa faɗo masa. Ta mayar da kwabon inda yake ta rufe. Sai ta aika a ɗauko mata wani tsohon zane da bakinsa ya zare, da gwangwanin biskit ɗin nan da muka saya a bakin layin dogo, ta zaɓi allura daga cikin baƙar takardar ta ce wannan ta hannu ce, a ajiye, ta sa aka kawo ta keke. Ta ce wa jikar ta matso ta ga yadda ake zura zare, don ita ba za ta nuna sau biyu ba.